Hannun Daman Malam Idrisu

Akwai wani dattijo mutumin Gumel da ake kira Malam Idrisu. Manomi ne mai kiwon tumaki, irin tsofaffin nan masu ƙashi da faɗin kafaɗa, waɗanda ko sun haura saba'in idan suka kama hannunka wajen gaisuwa sai ka ji a jikinka.

Jama'ar wannan shafi, tun yanzu in gaya muku, labarin nan ba na dariya ba ne. Ni da nake rubuta shi raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Ɗansa na fari, Bashari, injiniya ne. A ƙarshen shekarun 1980 yana aiki da wani kamfanin gina hanyoyi a Riyad ta ƙasar Saudiyya, yana zaune a unguwar Utaiƙa da matarsa Zuwaira da ƙaramar 'yarsu Sailuba. Da hali ya samu, kafilinsa, wato mutumin ƙasar da ya tsaya masa wajen zama da aiki, ya taimaka masa da takardun ziyara, aka kawo tsohon ya yi Umra cikin azumi, ya kuma zauna wurinsu don ya ɗan huta.

Wata safiya bayan ƙaramar Sallah, Malam Idrisu yana alwala, sai buta ta suɓuce daga hannunsa. Kafin a kai shi asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannu ya saki, ƙafa ta saki, harshe ya yi nauyi, magana sai da ƙyar.

Likitoci suka yi iya nasu, suka sallame shi. Amma suka ce kada a sa shi a jirgi sai ya ƙara ƙarfi.

Nan aka shiga tunanin inda za a ajiye shi. Gidan Bashari can saman bene yake. Shi yana fita aiki tun da sassafe. Zuwaira kuma ciki gare ta ya tsufa, ga shi ko da lafiyarta ƙalau, tsohon ba zai taɓa yarda surukarsa ta ɗaga shi ta kai shi banɗaki ba.

Sai ga Lurwanu.

Lurwanu ɗan garinsu ne, ma'aikacin jinya, shi ne shugaban ɓangaren maza a wani gidan kula da tsofaffi na wani ɗan kasuwa a unguwar Suwaidi. Mutum ne mai son farar riga da ƙamshin turare, yana tafiya kamar ƙasa ta ci bashinsa. Ya dafa kafaɗar Bashari ya ce, "Haba Injiniya, ina raye za ka shiga damuwa? Babanka ai babana ne. Kawo min shi. Ma fi mushkila, babu matsala."

Da Bashari ya je ya ga wurin, hankalinsa ya kwanta. Daɓe yana ƙyalli, zannuwan gado farare tas, na'urar sanyi tana ta huci, babu ko ɗan wari. Ya dawo gida yana cewa ko otal albarka.

To, fankam fankam ba shi ne kilishi ba. Ku tsaya ku ji yadda ake samun wannan tsabtar.

Mai gidan, wato mudir, idan ya zo zagaye da hancinsa yake duba aiki. Ɓangaren da ya ji zarni, shugabansa ya shiga uku. Lurwanu kuwa kullum shi ake yaba wa, shi ake nuna wa baƙi. Dabararsa ba wata mai wuya ba ce. Ya lura tsoho idan ya sha ruwa sai ya yi fitsari, idan ya yi fitsari sai an canza zani. Sai ya ba da umarni a kwashe butocin ruwan da ke gefen gadaje. Ruwa sai ɗan kofin da ke zuwa tare da abinci, shi ke nan.

A Riyad fa! A tsakiyar bazarar da idan ka taɓa ƙarfen mota sai ya ƙona ka, kuma na'urar sanyin nan tana tsotse ɗan danshin da ya rage a maƙogwaro.

Abincin ma daga waje wata mota take kawo shi, kuma direban ba ya jira. A ajiye wa kowane tsoho farantinsa, a zagaya ɗaya gefen, a dawo a kwashe. Wanda ya ci ya ci. Wanda bai ci ba, sai a ce ba ya jin yunwa.

Ranar farko aka ajiye wa Malam Idrisu shinkafa da ɗan nama da kofin ruwa. Ya dubi abincin. Ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a kan cinyarsa. Hannun hagu lafiyarsa lau, amma bai ko motsa shi ba.

Duk Bahaushen da ya tashi gaban tsofaffi ya san dalili. Mutumin nan tun yana rarrafe ake buge masa hannun hagu idan ya miƙa shi cikin akushi. Hannun tsarki ne. Bai taɓa ci da shi ba, bai taɓa sha da shi ba, bai taɓa karɓar ko goro da shi ba. Yanzu rana tsaka a ce ya kai shi baki?

Na sani, wani zai ce ai addini ya yi sauƙi, mai lalura babu laifi a kansa. Gaskiya ne. Amma wa ya zauna kusa da tsohon ya gaya masa haka da taushin murya? Wa ya kira masa malami? Babu. Ba ma wanda ya tsaya ya tambaye shi me ya hana shi ci.

Da yunwa ta yi yunwa, sai ya ƙirƙiro wata dabara. Ya kama mataccen hannun da na hagu, ya ɗaga shi ya tsoma cikin shinkafa, ya sunkuyo da baki. Rabi ya shiga, rabi ya zube. Miya ta ɓata farin zani.

Lurwanu ya shigo ya gani. Da Hausa ya yi masa magana, ba da Larabci ba, don ya tabbata ya ji.

"Baba, mene ne haka don Allah? Ka san wahalar da ake sha kafin zanin nan ya yi fari? Ga hannunka nan lafiyayye, ka ƙi amfani da shi. Idan ba za ka ci kamar mutane ba, ka bari."

Dattijon da ko hakimi ba ya ɗaga masa murya a garinsu, shi aka yi wa wannan tsawa a gaban baƙin tsofaffi. Daga ranar ba ya taɓa faranti idan akwai mai kallo, kuma kafin ido ya ɗauke an kwashe.

Abin da ya riƙe ransa a makonnin farko shi ne wani tsoho ɗan Yaman da ke gadon kusa. Ba sa jin yaren juna. Amma ɗan Yaman ɗin ya gane. Sai ya miƙo hannu ya sa masa dabino a baki, ya kafa masa kofinsa ya ɗan kurɓa. Ana nan 'ya'yan wannan bawan Allah suka zo suka ɗauke abinsu, gadon ya zama wayam.

Yanzu za ku ce, ina Bashari?

Bashari yana zuwa. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yana nan, bai taɓa fashi ba. Sai dai ku tuna ɗan fari ne. Tsakaninsa da mahaifinsa akwai kunyar nan tamu. Tun yana yaro ba su taɓa zama sun yi hira ba, ba su taɓa haɗa ido ba. Idan ya shiga ɗakin, daga bakin ƙofa yake tsugunawa, kai a ƙasa, yana kallon daɓe.

"Baba, ya jiki?"

Tsohon ya juya fuska wajen bango. "Da sauƙi."

"Ana dai kula da ku?"

"Alhamdu lillahi."

Shi ke nan, ziyara ta ƙare. Lurwanu kuwa ya san lokacin zuwansa. Kafin ya iso an ja wa tsohon bargo har wuya, an shafa masa mai a fuska, an fesa turare. Ya raka Bashari har mota yana cewa, "Baba sai ɗan taurin kai irin na tsufa, amma jiki yana kyau."

Duk zuwa Zuwaira sai ta dama kunun gyada ta cika fulas ta ba mijinta. Lurwanu yakan karɓe a bakin ƙofa, ya ce dokar gida ce, su ne masu ba marar lafiya abincin waje a kan lokaci. Wata Juma'ar a dawo da fulas a wanke tas. Inda kunun yake zuwa, Allah kaɗai ya sani, sai kuwa wanda ya shanye.

Zuwaira ce ta fara jin abin bai kwanta mata ba.

Wata rana tana juya fulas ɗin a hannu ta ce, "Baban Sailuba, wai Baba bai taɓa ba ka saƙo wurina ba?"

"Saƙon me?"

"Tsohon da lokacin da yake gidan nan, ko ruwa na aika masa sai ya ce wa Sailuba, je ki ce wa uwarki Allah ya yi albarka. Yau kunu nawa na dama, ko sau ɗaya bai ce a gaishe ni ba?"

Bashari ya ce, "Ke ma dai. Mutumin da magana take masa wuya?"

"Ai yana iya ce maka da sauƙi. Ka duba jikinsa kuwa? Ka ga idonsa?"

Ya ɓata rai. "In tsaya ina ƙare wa mahaifina kallo? Haka aka tarbiyyantar da ku a gidanku? Lurwanu ɗan'uwa ne, kuma aikinsa ke nan. Kada ki sa min zargi a zuciya."

Ta bar maganar, amma ba ta haƙura ba.

Ran wata Talata Bashari ya ɗauki izini a wurin aiki ya kai ta awon ciki. Da suka fito ta ce ya biya da ita kasuwar Aziziya, ta sayi kankana da lemo. Suna shiga mota ta ce, "Suwaidi za mu. Ni ma yau sai na gaida Baba."

"Yau ba ranar ziyara ba ce."

"To ka ajiye ni a bakin ƙofa da cikin nan, in ga wanda zai kore ni."

Ya san halin matarsa idan ta kafe. Ya juya kan mota.

Mai gadi ya san Bashari, ya buɗe musu. Lurwanu yana ofishin mudir, ba wanda ya tare su. Daidai lokacin abincin rana ne. Suka bi dogon barandan har ƙofar ɗakin, wadda take a ɗan buɗe.

Ga abin da suka gani.

Babu bargo. Mutumin nan mai faɗin kafaɗa ya koma ƙashi da fata, rigar asibiti tana lilo a jikinsa. Faranti yana kan ɗan teburin da ke gabansa. Ya waiga ya tabbata ba mai kallonsa, sannan ya sunkuya a hankali, yana rawar jiki, yana neman kai leɓensa bakin kofin ruwa ba tare da hannu ba. Ya kusa. Haɓarsa ta taɓa kofin.

Sai mai kwasar kwanuka ya shigo ta ɗaya ƙofar da amalankensa. Da Larabci ya ce, "Yalla, yalla, halas!" wato maza, maza, an gama. Ya zare farantin da kofin gaba ɗaya, ya wuce gado na gaba. Tsohon ya bi kofin da ido, bakinsa a buɗe.

Kun san abin da Bashari ya yi? Wallahi nan ne jinina yake tafasa. Ya ja da baya. Ya kama mayafin matarsa ya raɗa mata, "Zo mu koma. Bai kamata ya san mun gan shi a haka ba. Zai ji kunya. In ya so in yi wa Lurwanu magana."

Zuwaira ta fizge mayafinta.

"Kunya? Ubanka yana lasar kofi kamar ba shi da kowa a duniya, kana ce min kunya? Bashari, ka ji tsoron Allah!"

Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa ba sai ranar.

Ta tura ƙofa ta shiga, ta ƙwace kofin daga kan amalanken, ta durƙusa gaban gadon da tsohon cikinta. Da ta dube shi kusa sai hawaye suka zubo mata. Leɓensa ya tsattsage har da busasshen jini. Idanu sun faɗa. Harshe ya bushe ya yi fari. A ƙugunsa ga gyambon kwanciya.

"Baba, ga ruwa. Don Allah ku sha."

Tsohon ya gane muryar surukarsa. Sai ya rufe baki gam, ya juya kai. Ƙishirwa tana cin ransa, amma ba zai sha a gabanta ba.

Ta miƙe ta juyo kan mijinta, wanda har yanzu yake tsaye a bakin ƙofa.

"Ba zai karɓa a hannuna ba, ka sani, na sani. Ni zan fita. Kai kuma ka zo ka riƙe kofin nan. Idan ka ce min ba za ka iya ba, wallahi yau ba a gidanka zan kwana ba."

Ta danƙa masa kofin, ta fita baranda ta juya baya.

Bashari ya matso yana tuntuɓe da ƙafarsa. Ya zauna a bakin gadon. Ya sa hannu ya tallafo ƙeyar mahaifinsa, sai ya ji kan ba nauyi. Rabonsa da taɓa jikin mutumin nan tun bai yi wayo ba. Ya kafa masa kofin.

Malam Idrisu ya sha. Ya shanye tas, ya ci gaba da tsotsar bakin kofin da babu komai a ciki. Bashari ya ruga famfon wanke hannu ya ciko, ya sake cikowa. Daga gadajen da ke kewaye sai muryoyi suka fara tashi, tsofaffi suna miƙo hannu suna kiran ruwa da Larabci. Ashe duk ɗakin haka yake.

Ana cikin haka sai ga Lurwanu da farar rigarsa.

"A'a, Injiniya! Yau ba Juma'a ba ce ai. Wa ya bar ku kuka shigo? Kai, dakata da ruwan nan haka, yanzu zai jiƙa min gado."

Zuwaira ta tare shi a ƙofa.

"Gado? Gado ne damuwarka? Kai da ka ce babanmu babanka ne? Ina kunun da nake aikowa?"

"Hajiya, ki yi magana a hankali, nan ba gida ba ne."

"Ba zan yi a hankali ba! Da baƙo ne wanda bai san mu ba, sai in ce bai gane ba. Kai fa? Ba a Gumel aka haife ka ba? Ka ga tsoho hannun damansa ya mutu, ka ga ba ya taɓa abinci, kana so ka ce min ba ka san dalili ba?"

Lurwanu ya ɗaga kafaɗa. "Na sani mana. To sai me? Yana da hannun hagu. Shari'a ta yarda masa. Taurin kai ne kawai irin na mutanen ƙauye. Tsofaffi cike da ɗakuna, in zauna ina ba kowa a baki, yaushe zan gama? Motar abinci jirana za ta yi?"

Bashari ya miƙe. "Lurwanu, amana na ba ka."

Shi kuwa ko gezau. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Amana? Kai da kake zuwa duk mako, me ka gani? Ka taɓa ɗaga bargon nan? Ka taɓa ce min in nuna maka abin da ya ci? Ni ma'aikaci ne, kai ne ɗansa."

Maganar ta fito daga bakin azzalumi, amma ba ƙarya ba ce. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Bashari ya juya wajen gadon. Ya sunkuya ya ɗauki mahaifinsa cak, kamar yadda ake ɗaukar yaro, ya nufi mota. Zuwaira kuwa kafin ta bi shi sai da ta zagaya ɗakin da kofin nan, gado bayan gado, tana ba tsofaffin mutane ruwa, Lurwanu yana tsaye yana kallo bai iya hana ta ba.

A asibiti aka ɗaura masa ƙarin ruwa nan take. Likitan da ya duba shi, wani Basudane, ya fito ransa a haɗe. Ya ce rashin ruwa ya daɗe yana cin jikin, ƙoda ta riga ta taɓu ƙwarai, gyambon kuma ya shiga jini. Za su yi ƙoƙari, amma an makara. Ya tambayi Bashari, "A ina aka ajiye shi? Ba shi da dangi a garin nan ne?"

Bashari ya ce, "Ni ne ɗansa." Likitan ya dube shi kawai ya wuce.

Bari in sallami Lurwanu tukuna, don ba na son sunansa ya daɗe a bakina.

Likitan nan bai bar maganar ba, Zuwaira ma ba ta bari ba. Ta sa mijinta ya nemi iyalan sauran tsofaffin ya gaya musu su je ba ranar ziyara ba, su ɗaga bargo su gani da idonsu. Suka je, suka gani. Hukuma ta shigo. Mudir ɗin da jiya yake yabon Lurwanu, yau ya rantse bai san komai ba, ya ɗora masa laifin duka. Mudir ɗin ma dai bai tsira ba, don iyalai sun kwashe tsofaffinsu. Aka soke aikin Lurwanu, aka ba shi wa'adin barin ƙasa.

Kafin ya tafi, ya je gidan da 'yan Najeriya suke taruwa cin abinci bayan sallar Juma'a, yana neman wanda zai sa baki. Aka kawo babban faranti, ya wanke hannu ya matso. Na kusa da shi ya tashi. Na gaba ma ya tashi. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ce masa kanzil. Suka koma ɗaya farantin suka matsu, suka bar shi shi kaɗai da tulin shinkafa. Ya zauna jim kaɗan, ya nemi takalminsa.

Malam Idrisu kuwa ya ɗan farfaɗo na 'yan kwanaki. Bashari ya ajiye aiki ya tare a asibiti. Shi yake ba shi kunu a baki, shi yake goge masa jiki, shi yake juya shi. Kunun Zuwaira a wannan karon yana isa inda aka aike shi, kuma saƙon albarka yana komowa.

Wata rana da hantsi, bayan ya ba shi ruwa, Bashari ya kasa daurewa. Ya durƙusa a gefen gadon yana kuka.

"Baba, me ya sa ba ku gaya min ba? Duk Juma'a ina zuwa. Kalma ɗaya kawai, Baba."

Tsohon ya juyo da fuskarsa, ba wajen bango ba, wajen ɗansa. Maganar tana fita a hankali, harshe yana sarƙewa, amma Bashari ya ji kowace kalma.

"Ina jin takunka tun daga nesa. Sai in ce, yau zan gaya masa ƙishirwa nake ji. In ka shigo, sai in ga ka tsuguna can, kanka a ƙasa." Ya tsaya ya ja numfashi. "Sai in ce, kai, yaron nan akwai ladabi. Bari kada in ɓata masa."

Bai faɗa da fushi ba. Yabo ne yake yi masa, har cikin zuciyarsa. Da zagi ne da Bashari ya fi samun sauƙi.

Kafin Juma'a ta zagayo, Malam Idrisu ya rasu. A Riyad aka binne shi, bai koma ya ga gonarsa ba.

Darasi: Ladabin da zai hana ka duban halin da iyayenka suke ciki ba ladabi ba ne, sakaci ne. Tsofaffinmu ba sa cewa suna jin yunwa, ba sa cewa suna jin ƙishirwa, ko mutuwa za su yi "da sauƙi" za su ce maka. Don haka idan naka yana kwance, a asibiti ne, a gidan kula da tsofaffi ne, ko a ɗakin bayan gidanka, kada ka tsaya a bakin ƙofa. Ka matsa kusa, ka dube shi da kyau, ka ɗaga bargo, ka je lokacin da ba a sa ran zuwanka, ka tsaya har ka ga loma ta shiga bakinsa da idonka. Kai kuma da aka ba ka amanar tsohon wani, ka sani farin zani ba zai cece ka ba ranar da za a tambaye ka kofin ruwan da ka hana. Ku tura wannan labari ga duk wanda yake da tsoho a hannun wasu, wataƙila yau ɗin nan akwai mai jiran a miƙa masa ruwa.